Tambaya da Amsa: Me Ya Hana Shirina Haɗuwa da Laburaren PGPLOT?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai nazarin hasken taurari. Na rubuta ɗan shiri da harshen C domin in zana jadawalin ma'aunan da na tara, kuma na gina laburaren PGPLOT da kaina a kwamfuta mai Linux. Da na ba da umarnin gcc -lcpgplot -lpgplot zane.c -o zane, sai allon ya cika da saƙon undefined reference a kan cpgbeg da cpgline. Na mayar da sunayen laburarorin ƙarshen layi, waɗancan suka tafi, amma wasu suka fito a madadinsu, irin su XOpenDisplay da _gfortran_st_write da png_create_write_struct, alhali ban rubuta ko ɗaya daga cikinsu ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, domin babu laifi a rubutun shirinka, kuma laburaren da ka gina bai lalace ba. Umarnin gcc ayyuka biyu yake yi a jere duk da cewa sau ɗaya ka kira shi. Da fari yana fassara zane.c zuwa harshen na'ura, kuma a nan abin da yake buƙata kawai shi ne fayil ɗin cpgplot.h, wanda yake sanar da shi sunayen ayyuka da irin bayanan da kowanne ke karɓa. Bayan haka sai ya miƙa aikin ga mahaɗi, wato manhajar ld, wadda aikinta shi ne ta nemo ainihin jikin kowane aiki da aka ambaci sunansa. Duk saƙonnin da ka gani daga mahaɗi suka fito, kuma ma'anarsu ɗaya ce: an kira suna, ba a sami mai shi ba.

Kuskurenka na farko ya samo asali ne daga yadda mahaɗi ke karanta layin umarni. Daga hagu yake farawa ya nufi dama, yana riƙe da jerin sunayen da ake bin sa bashinsu. Idan ya iso ga laburare mai ƙarewa da .a, ba ya ɗaukar sa gaba ɗaya. Yana zaro ɓangarorin da za su biya bashin da ke hannunsa a wannan lokacin ne kawai, sannan ya wuce ba tare da waiwaye ba. A umarninka na farko ya iso ga libcpgplot.a tun kafin ya ga zane.c, lokacin jerin bashin babu komai a ciki, saboda haka bai ɗauki ko ƙwaya ba. Da ya zo kan shirinka ya tarar ana neman cpgbeg, sai ya zama mai maganin ya riga ya wuce. Ƙa'idar da ake bi ita ce mai nema yana hagu, wanda ake nema yana dama, kuma wannan ya shafi laburarorin su kansu a tsakaninsu.

Sunayen da suka biyo baya kuwa, tarihin PGPLOT ne yake bayyana su. Tim Pearson ne ya fara rubuta shi a Caltech da ke Amurka a shekarar 1983, da harshen Fortran 77, kuma fitowar 5.2.2 ta shekarar 2001 ita ce ake amfani da ita har yanzu. Abin da ake kira cpgplot siririn mayafi ne aka lulluɓa masa domin masu rubutu da C: idan ka kira cpgbeg, shi kuma sai ya kira pgbeg_ da ke cikin libpgplot.a, da wannan ɗan layin ƙasa da gfortran, manhajar da ke fassara Fortran, ke liƙa wa sunaye a ƙarshe. Tunda cikinsa Fortran ne, duk inda yake rubutu ko karatu yana dogara da laburaren libgfortran, kuma nan ne _gfortran_st_write yake zaune. Sannan PGPLOT ba shi yake buɗe taga a kan allo da kansa ba. Yana roƙon tsarin X11 ne ya buɗe masa, shi ya sa ka ga XOpenDisplay. Haka nan idan zai ajiye hoto a matsayin PNG, libpng yake kira, ita kuma libpng tana kiran zlib domin matse bayanai. Laburaren lissafi zalla ba kasafai yake jawo irin wannan ayari ba, amma mai zane dole ya taho da duk wanda yake taya shi magana da allo da fayilolin hoto.

Saboda haka, idan a /usr/local/pgplot ka gina shi, ga cikakken umarnin:

gcc zane.c -o zane -I/usr/local/pgplot -L/usr/local/pgplot -lcpgplot -lpgplot -lX11 -lpng -lz -lgfortran -lm

Ni dai na fi son a raba aikin gida biyu. A fara da gcc -c zane.c -I/usr/local/pgplot, wanda zai haifar da zane.o, sannan a bar wa gfortran haɗawar:

gfortran zane.o -o zane -L/usr/local/pgplot -lcpgplot -lpgplot -lX11 -lpng -lz

Dalilina shi ne gfortran ya san laburarorin da yake dogara da su fiye da yadda kai za ka tuna, kuma yana sanya su da kansa. Wannan yana kuma kare ka daga tsofaffin bayanan da za ka ci karo da su masu cewa a ƙara -lg2c. Wancan na g77 ne, wanda gfortran ya gaje shi tun fitowar GCC 4.0 a shekarar 2005, kuma ba zai amfane ka da komai ba.

Idan mahaɗi ya ce cannot find -lX11, wannan wata matsala ce daban. Kwamfutarka na iya nuna tagogi lafiya lau domin tana da libX11.so.6, amma mahaɗi libX11.so yake nema, ba tare da lamba a ƙarshe ba, kuma wannan yana zuwa ne a ƙunshin masu gina manhaja: libx11-dev a Debian da Ubuntu, libX11-devel a Fedora. Haka abin yake ga libpng. In kuwa ba ka da buƙatar PNG, ka buɗe drivers.list, fayil ɗin da ake zaɓar na'urorin zane a ciki kafin gina PGPLOT, ka mayar da alamar motsin rai (!) a farkon layukan PNDRIV masu kula da PNG domin ka kashe su, ka sake gina laburaren. Daga nan -lpng da -lz sun fita daga wuyanka.

Ka koyi tambayar laburare da kanka maimakon cinke. Umarnin nm libpgplot.a zai jero sunayen da ke ciki, kowanne da harafi a gabansa. Harafin T yana nufin jikin aikin yana nan, U kuma yana nufin shi ma nema yake daga waje. Farkon suna yakan tona asalinsa: mai farawa da X babba na X11 ne, mai png_ na libpng ne.

Akwai sauran rina a kaba bayan haɗawa ta yi nasara, domin lokacin gudanar da shiri yana da nasa tarkon. Idan akwai libpgplot.so tare da libpgplot.a a wuri ɗaya, mahaɗi na farkon yake zaɓa, kuma shi ba a cusa shi cikin shirin, sai an zo gudanarwa ake nemo shi. A nan ne za ka iya ganin cannot open shared object file. Umarnin ldd zane zai nuna maka wanda ba a samu ba. Maganin da na fi amincewa da shi shi ne ƙara -Wl,-rpath,/usr/local/pgplot a lokacin haɗawa, domin hanyar ta zauna a cikin shirin, saɓanin LD_LIBRARY_PATH, saitin da ke nuna inda za a nemo laburarori, wanda ke shafar duk shirin da ka tayar daga wannan tagar umarni.

Sannan ka saita PGPLOT_DIR ya nuna babban fayil ɗin da ke ɗauke da grfont.dat da pgxwin_server. In babu na farkon, zanen zai fito da layukansa amma ba lamba ko harafi ɗaya a gefen jadawalin. In babu na biyun, na'urorin /XWINDOW da /XSERVE ba za su buɗe taga ba. Idan a kan wata kwamfuta mai nisa kake aiki, ka shiga da ssh -X domin a saita maka DISPLAY, wanda ke nuna allon da za a buɗe taga a kai. Kafin duk wannan, gwajin da nake ba ka shawarar farawa da shi shi ne ka sanya "zane.ps/CPS" a matsayin na'ura a cikin cpgbeg. Idan fayil ɗin PostScript ya fito da zanenka, haɗawa ta kammala, kuma duk abin da ya rage tsakanin shirinka da allo yake.