Kamun kifi a kan ƙanƙara: abin da za a saya da abin da za a haƙura da shi

Sanyi ya kankama a Kanada da arewacin Amurka da arewacin Turai, tafkuna sun daskare, 'yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a can sun fara samun gayyatar fita su a kan ƙanƙara. Ga amsar wasu daga cikin tambayoyin da suka aiko.

Tambaya daga wani ɗalibi a Minisota: Assalamu alaikum. Abokan karatuna sun gayyace ni kamun kifi a kan tafki a watan Janairu. Dala 200 ce a hannuna, na shiga shago kaya sun rikita ni. Da me zan fara? Sannan anya ƙanƙarar ba za ta rufta da mutum ba?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta biyu ita za ta raba maka kuɗin, don haka da ita za mu fara. Ƙanƙara tana ruftawa da mutane duk shekara, kuma ba a gane ƙarfinta da ido. Ƙa'idar hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minisota ita ce kada a taka sai kaurinta ya kai inci 4, wato santimita 10. Wannan lissafi na sabuwar ƙanƙara ce mai garau, wadda ake hango duhun ruwa ta cikinta. Fara sol, wadda dusa ce ta jiƙe ta sake daskarewa, cike take da ƙwayoyin iska, ƙarfinta kusan rabin na waccan ne, sai an ninka kaurin. Kuma tafki ɗaya ba kauri ɗaya ba ne. Inda rafi yake shiga ko fita, ƙarƙashin gada, matsatsi tsakanin tsibirai, gindin ciyayi da wurin da dusa ta taru da yawa, duk sun fi rauni, domin ruwa mai motsi yana cin ƙanƙara ta ƙasa, dusa kuma tana rufe ta ta hana ta ƙara kauri. Hukumar ta ce a riƙa aunawa duk bayan ƙafa 150. Mota kuwa, a bar ta a bakin tafki.

Kauri ma bai isa shi kaɗai ba. A watan Nuwamban 2022 an ceto masunta kusan 200 a tafkin Upper Red da ke arewacin jihar, bayan falalen ƙanƙarar da suke kai ya tsage ya rabu da gaɓa. Idan babban tafki ne, akwai iska mai ƙarfi, kuma tsakiyarsa bai gama daskarewa ba, a fasa fita.

To, ga inda kuɗinka za su fara tafiya. Dagi na ƙarfe mai bakin kurfi, kana tafe kana caka shi gabanka da ƙarfi. In ya huda ko ruwa ya ɓullo, koma ta inda ka fito. Tsinkunan ceto guda biyu masu ƙota, waɗanda igiya ta haɗa, ana rataya su a wuya a saman riga, ba a cikin aljihu ko jaka ba. Igiya mai tasowa a ruwa, mita 15 zuwa 20. Ƙarafan da ake ɗaura wa takalmi don santsi. Sai rigar ceto. Bayan su ka biya lasisi, ka sayi 'yar sandar fatsa ɗaya da ƙugiyoyi kaɗan da ludayi mai huji na kwashe ɓarɓashin ƙanƙara daga rami. Mahuji da tanti da hita, ka yi amfani da na abokanka a bana.

Ka haddace wannan kuma. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya taƙaita abin da ke samun wanda ya faɗa ruwan sanyi da lissafin 1-10-1: minti 1 na shawo kan numfashi, domin jiki zai riƙa haki ba da son mutum ba, mai haki alhali kansa na cikin ruwa kuwa ruwa zai shaƙa, kusan minti 10 kafin hannuwa su daina aiki, kusan awa 1 kafin sanyi ya sumar da shi. Saboda haka a fara da daidaita numfashi, a juya ta inda aka fito don can ce ƙanƙarar da ta ɗauke ka ɗazu, a caka tsinkunan, a miƙe ƙafafu a baya ana bugun ruwa har ciki ya hau. An hau, ba a miƙewa tsaye, mirginawa ake yi har a yi nisa. Abokin tafiya kuma kada ya matso bakin ramin, igiya zai jefa daga nesa.

Tambaya daga Winifeg: Malam, zan sayi mahujin ƙanƙara. Na hannu ko mai batir? Inci 6 ko inci 8?

Bambancin inci 2 ya fi yadda ake zato. Ƙanƙarar da ake yankewa a ramin inci 8 ta fi ta ramin inci 6 yawa da kusan kashi 78 cikin 100, kuma da damtsenka za ka yanke wannan ƙarin. In ƙananan kifaye kake nema kamar fac, mai ruwan ɗorawa da ratsin baƙi, inci 6 na hannu ya wadatar, ya fi arha, ba ya lalacewa. Amma ku a Winifeg abin da ake bi a babban tafkinku manyan kifayen da ake kira wolai ne, kuma zuwa ƙarshen sanyi ƙanƙarar takan kai mita guda. Nan inci 8 ya dace, da inji, da sandar ƙari, don kada mahujin ya ƙare bai taɓa ruwa ba.

Idan kana da diril na huda katako mai batir 18 ko 20 bolt, mai ƙarfi, sayi mahujin da ake ɗaura masa, ka huta da sayen inji na musamman. A sa shi a giya ta ɗaya, a kashe bugun guduma, a ɗaura masa maƙalin gefe, domin lokacin da wuƙar za ta ɓulla ƙasa takan cije ta murɗe wuyan hannu. A sa faifan da ya fi ramin faɗi a wuyan mahujin, don in ya kwance kada ya nutse. Batir kuma sanyi yana zuƙe shi, a ajiye na biyu a aljihun ciki.

Yawancin masu cewa mahujinsu ya daina ci, wuƙaƙen suka kashe. Buga shi a kan ƙanƙara don karkaɗe dusa yana karkatar da bakinsu, huda wurin da ke da yashi ko sawun mota yana dasashe su. Kada a danna da ƙarfi, nauyinsa ya isa. An gama, a share ruwa a mayar da murfi.

Tambaya daga wata uwa a Toranto: Maigida yana so ya kai mu da yara biyu Tafkin Simko. Yana maganar sayen tanti da hita mai gas. Ni dai tsoron sanyi nake ji wa yaran.

Hajiya, tsoronki yana kan hanya, amma a ba Alhaji shawara ya dakata da sayayya. A Simko akwai masu hayar bukkokin su: suna auna ƙanƙarar wurinsu, su kai ku, su huda ramuka, su ɗumama ɗakin, galibi har da ƙananan kifayen da ake ɗana ƙugiya da su. Fita ɗaya a haka za ta nuna muku ko yaran suna so, kafin a tara kayan da za su cika ɗaki.

In an zo saye, abin da ya fi sanyi haɗari a cikin tanti shi ne hayaƙin hita. Gas in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da iskar nan mai guba marar wari marar launi, irin wadda hayaƙin janareta ke kashe iyali da ita a gida idan an kwana da shi a ɗaki. A sayi hitar da aka rubuta cewa ta cikin ɗaki ce, wadda ke mutuwa da kanta in ta faɗi ko iskar shaƙa ta ragu. Amma wannan na'urar tata ba gubar take aunawa ba. A haɗa da ƙaramar ƙararrawar gano gubar mai batir, a bar kafofin iska biyu a buɗe, a duba kada dusa ta toshe su. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko yaro ya fara gyangyaɗi ba dalili, kowa ya fita waje nan take, a kashe hita. Kada a ɗumama tanti da risho ko gawayi ko murhun girki ko kaɗan. Ƙaramar tukunyar gas mai laba 1 takan yi wajen awa 3 in an ƙure wuta, sai a tafi da ƙari.

Sutura kuwa, auduga ce matsalar. Tana shan gumi ta riƙe, mutum na zama ta huce a jikinsa. A jikin fata a sa ulu ko yadin roba mai fitar da gumi, sai mai kauri a tsakiya, sai mai tare iska da ruwa a waje. Takalmi ya ɗan fi ƙafa girma. Cusa safa uku har ya matse yana hana jini gudu, yatsu su fi saurin sandarewa. A tafi wa kowane yaro da safar hannu biyu, don ta farko za ta jiƙe. Fatar kunci ko hanci ta yi fari ta yi tauri, a shiga ɗumi, a ɗora tafin hannu, kada a murza. Kuma ƙafar ƙaramin yaro tana shigewa ramin inci 8 har cinya, a sa ido a kan tsofaffin ramukan da dusa ta rufe.

Tambaya daga Ottawa: Sau biyu ina wuni a bakin rami ko motsi ban ji ba, na kusa da ni suna ta cirowa. Shin na'urar hango kifi zan saya?

Ba yanzu ba, Malam. Wuni a rami ɗaya shi ne laifin farko. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙara bai wuce digiri 4 ba a can ƙasa, jikin kifi ya yi sanyi, ba ya yawo da nisa neman abinci, kai za ka je masa. Ka duba taswirar zurfin tafkin tun daga gida, ka nemi inda ƙasa ta gangara daga tudu zuwa zurfi, ka jera ramuka 6 zuwa 10 a kan gangaren. Minti 15 zuwa 20 ba labari, ka matsa. A farkon sanyi kifi yana kusa da ciyayin da ke da sauran kore. Tsakiyar sanyi, dusa ta tare haske, ciyayin sun mutu suna ruɓewa suna cinye iskar ruwan, sai kifi ya koma zurfi.

Na biyu shi ne kaya masu kauri. Sanda gajera, santimita 60 zuwa 80, mai laushin baki. Zare mai ɗaukar laba 2 zuwa 4 don fac, 6 zuwa 8 don wolai. Zare mai kauri yana nannaɗewa a sanyi, ƙaramar ƙugiya ba ta iya miƙar da shi, kifi ya ɗauka ya tofar ba ka sani ba. Saƙaƙƙen zare kuma yana shan ruwa ya daskare in a fili kake. Ƙugiya mai kan tangistin ta fi mai kan dalma, don ƙarfen ya fi nauyi nesa, ƙarama ce amma tana saurin nutsewa ta ja zaren ya miƙe. Ka ɗana ta da tsutsa ɗaya ko biyu, ko kan ƙaramin kifi.

Ka sake ta har ƙasa, ka ɗan buga sau biyu ko uku laka ta tashi, wannan yana jawo fac. Sai ka ɗaga santimita 15 zuwa 30, ka girgiza a hankali, ka tsaya cak daƙiƙa biyar ko goma. A tsayawar nan ake yawan ci. Cin ma ba fizga ba ne, bakin sanda ne zai ɗan sunkuya, ko zaren ya saki don kifin ya ɗago ƙugiyar. In ka leƙa ka ga ƙugiyar tana juyawa ita kaɗai, zaren ya murɗe, kifi kuma ba ya kusantar abin da ke juyi haka. Yanke mita biyu ka sake ɗauri da ƙaramin majuyi a sama.

Lokaci ma yana da hannu. Fac da rana yake ci. Wolai idonsa na duhu-duhu ne, ya fi ci da hudowar rana da faɗuwarta, wato daidai Magariba, wadda a watan Disamba take yi tun wajen ƙarfe huɗu da rabi. A riƙe alwala tun daga gida ko a yi ta cikin ɗumin bukka a tsane sarai, a tafi da shimfiɗar roba mai kauri.

Na'urar hango kifin tana da amfani ƙwarai: tana nuna ƙasa, da ƙugiyarka, da kifin da ya taso mata, ka ga abin da ke kore shi. In ka shekara kana yi kuma abin ya shiga ranka, nemi ta hannu irin ta Vexilar ko Humminbird, ka canza mata batir. Ka riƙa ajiye ƙugiya sama da kifin, don sama yake kallo.

Tambaya daga wani ɗalibi a Finlan: An ce mini a nan ba a biyan komai. Gaskiya ne? Kuma mece ce 'yar tutar da nake gani a bakin ramuka a bidiyon Amurka?

Gaskiya ne, a Finlan su a kan ƙanƙara da 'yar sanda ɗaya haƙƙin kowa ne ba tare da lasisi ba, in ban da wasu ruwaye da aka keɓe. Kada mazauna Kanada da Amurka su ɗauka haka ne a wurinsu: can sai da lasisi, kuma kowane yanki da adadin kifin da aka yarda a ɗauka da tsawonsa.

Tutar tarko ce. Katako ne a gicciye a bakin rami, abin naɗe zare yana cikin ruwa don kada ya daskare, an ɗana ƙaramin kifi mai rai. In an ja, tuta ta tashi. Lardin Ontariyo na Kanada ya yarda da zare biyu a yawancin ruwayensa, mai su yana cikin mita 60 yana ganinsu. Minisota ma biyu ne, cikin ƙafa 200. A Finlan kuwa irin wannan tarko ba ya cikin na kyauta, sai da izini. Ana ɗana shi ne galibi don faik, mai haƙora masu yanke zare, sai a sa guntuwar waya gaban ƙugiya, a cire ta da filaya ba da yatsa ba.

Kifin da za a saki a mayar da shi nan take, don idanunsa da mashaƙarsa suna daskarewa a iska. Fac ko wolai da aka ciro daga zurfin da ya kai mita 9 kuwa, jakar iskar cikinsa ta riga ta kumbura, ko an sake shi da wuya ya rayu. A lissafa shi cikin rabon ranar, in kuma ƙanana ne ke ta fitowa daga wannan zurfin, a tashi a koma inda bai kai haka ba.