Amsa: da mai za a fara ko da tayimin?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da mai (yawan fetur da ke shiga inji) za ka fara ko da tayimin (lokacin da filogi ke ba da wuta) wajen saita kwamfutar tsohuwar Passat ɗinka mai injin 1.8T. Da mai za ka fara, amma kafin nan duba filogi da famfon mai, ka tabbatar bututun turbo ba ya zubar da iska. In akwai huji, duk lissafinka ya ɓaci.

Sannan ɗaura na'urar auna haɗin iska da mai a salansa, mai nuna lamba kai tsaye. A tafiyar yau da kullum 14.7 (wato iska kashi 14.7 ga mai kashi ɗaya) daidai ne, amma idan turbo ya cika ka taka tota, nemi wajen 11.5 zuwa 12. Ƙarin man nan shi ke sanyaya fistin.

Tayimin kuwa, nan ake kashe inji. Matsin iskar turbo na ƙaruwa, kana janye tayimin baya. In za ka ƙara, digiri ɗaya-ɗaya, kunnenka na kan injin. Da ka ji ƙara kamar tsakuwa cikin gwangwani, saki tota nan take. Don Allah kar ka loda taswirar (saitin kwamfutar inji) da aka tsara wa fetur mai lambar inganci 98 na Turai, ga kuma zafinmu na bazara.