Gwaji ya nuna aiki ya yi, me ya sa mai aiki ya ƙi karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke jagorantar aikin haɗa wa wani kamfani manhajar ajiye bayanan ma'aikata. Wata bakwai muna kai. Masu gwajinmu sun bi komai, babu kuskuren da ya rage. Duk lokacin da muka nuna wa wakilin kamfanin inda muka kai, sai ya ce ya yi kyau. A hanya ya nemi mu ƙara abubuwa biyar, muka ƙara ba tare da rubutu ba don mu kyautata masa. Yanzu shugabarsa ta ce ba abin da suka nema ke nan ba, ta ƙi sa hannu, an riƙe mana kuɗin ƙarshe. Ina shirin jarrabawar PMP, ta samun shaidar ƙwarewa a jagorancin ayyuka, amma har yau na kasa bambance tabbatar da iyakar aiki da tsare iyakar aiki. Don Allah a ina na kuskure? Barci ya gagare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya yaye maka. Wuri biyu ka kuskure, kuma su ne abubuwa biyun da ka tambaya.

Iyakar aiki ita ce abin da aka yarda aikin zai ƙunsa. Tabbatar da ita shi ne ka ɗauki abin da ka gama, ka ajiye gaban wanda ke da ikon karɓa, ya auna shi da sharuɗɗan karɓa da kuka rubuta tun farko, ya sa hannu ko ya faɗi dalilin ƙinsa a rubuce. Hukuncin nasa ne. Tsare iyakar aiki kuwa nauyinka ne, kullum: kana kwatanta abin da ake yi da ginshiƙin da aka amince da shi, wato bayanin iyakar aiki, da jadawalin rarraba aiki, da ƙamusinsa mai bayanin kowane kashi na aikin, kuma duk abin da zai shiga ko ya fita sai ya bi ta ƙofar neman canji. Abubuwa biyar ɗin da ka ƙara da baki, nan ka saki tsaro. Kowannensu ya ci lokaci da kuɗi, kuma a idon shugabar nan babu su, tunda babu takardar da ta san da su.

Amma inda nake so in tsaya shi ne maganarka ta cewa masu gwaji ba su sami kuskure ba. Kusan kowane mako sai wani ya zo mini da ita, fuska a murtuke, kamar an zalunce shi. Mutane sun ɗauka idan aiki ya tsallake gwajin inganci, to an karɓa. Ba haka ba ne, kuma wannan zato ya karya ayyukan da aka yi su da ƙwarewa ƙwarai.

Mai gwajinka abin da yake tambaya shi ne: an yi abin nan daidai da yadda aka zana? Mai aiki kuma, wato wanda ya ba ka aikin, tambayarsa daban: wannan ne abin da na nema? Ana iya amsa ta farko da i, ta biyu da a'a, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Na taɓa shiga sasanci kan wani ɗakin ajiyar kaya. Ƙofofin an yi su tsaf, suna buɗewa suna rufewa ba ƙara, awon ƙarfensu ya cika. Ranar miƙawa direban motar ɗaga kaya ya tuƙo ta, ya tsaya a bakin ƙofa, ya sauko ya gwada faɗinta da hannuwansa biyu, ya girgiza kai. Motar ba ta shiga. Takardun inganci cike da hatimi suna hannun ɗan kwangila, ba su amfane shi da komai ba. Da an kai zanen ƙofar gaban mai ɗakin ya sa hannu kafin a yanka ƙarfe, da kuskuren bai wuce gyaran fensir ba.

Shi ya sa a tsarin PMBOK, littafin jagorancin ayyuka na cibiyar PMI mai shirya jarrabawar PMP, abin da ya fito daga duba inganci shi ne ke shiga matakin tabbatarwa a matsayin abin da za a auna. Na farko yana ba ka abin da aka tantance, na biyu yana ba ka abin da aka karɓa, kuma da na biyun ake rufe aiki. A bugu na biyar na 2013 har sunan matakin aka sauya, daga kalmar da ke nuna dubawa zuwa wadda ke nuna amincewa. Duk da haka masu kwas ɗin kwana uku suna ta haddatar da ɗalibai cewa duba inganci da tabbatarwa duka suna rukuni ɗaya, na sa ido da kulawa, shi ke nan, su karɓi kuɗi su ba da takardar shaida. Ɗalibi ya ci tambayar a jarrabawa, ya je filin aiki ya miƙa wa mai aiki rahoton gwaji yana jiran biya. Wasu ma sun ƙara da cewa tunda bugu na bakwai na 2021 ya koma kan ƙa'idoji 12, an daina wannan duka. Littafi ne ya sauya fasali. Mai biyan kuɗi yana nan da ikonsa na cewa bai karɓa ba.

Sai kuma "ya yi kyau" ɗin da wakilin ke faɗa a taro. Wannan ladabi ne, Malam. Ka taɓa tambaya ko yana da ikon karɓa? Daga bayaninka, ikon yana hannun shugabarsa, kuma wata bakwai ba ta ga komai ba sai a ranar ƙarshe. Ina jin haushin takardun da ake tarawa don cika fayil kamar kowa, fom goma da ba mai karantawa. Amma shafi guda mai ɗauke da sunan abin da aka gama, sharuɗɗan da aka auna shi da su, da sa hannun mai iko, a ƙarshen kowane zango, wannan ba ya cikinsu. Kare kanka ne, kuma kare mai aikin ne, domin shi ma haƙƙinsa ne ya ga kayansa tun gyara yana da sauƙi. Wanda ya ɓoye aiki sai ƙarshe don gudun kada a ce masa a'a, amanar da aka ba shi ya yi wa sakaci, ko da niyyarsa mai kyau ce.

Yanzu ga abin yi. Kada ka je mata da rahoton gwaji, zai ƙara fusata ta. Ɗauko jadawalin bibiyar buƙatu, wanda ke haɗa kowace buƙata da abin da aka yi a kanta, ka nemi zama da ita kanta, wakilin yana wurin. Ku bi buƙatun asali ɗaya bayan ɗaya a gaban kwamfuta, tana dannawa da hannunta. Wanda ya cika ta sa hannu a kansa nan take. Wanda ta ƙi a rubuta dalili, a ware wanda gyaran kuskurenku ne da wanda sabuwar buƙata ce. Abubuwa biyar ɗin nan kuma ka rubuta su a matsayin neman canji ko da a makare, da ranar da aka nema da sa'o'in da suka ci, ka haɗa da duk saƙon waya ko imel da ya rage. Mai yiwuwa ba za a biya ka su duka ba, ka shirya wa hakan. Kuma daga yau har a rufe aikin, kada wani a tawagarka ya taɓa layi ɗaya na manhajar sai da takardar da ita ta amince.