Amsa: Sai na sake yin sikanin kafin in san gwiwar hannuna ta warke?

Ɗan'uwa, ka ce wata 3 ke nan kana gashi saboda ciwon gwiwar hannu da ake kira tenis elbo, kuma kana tambaya ko sai ka riƙa maimaita sikanin don ganin sauƙinsa. A'a, ba dole ba ne. Abin da likitan gashi ya fi dubawa shi ne ƙarfin damƙarka: za ka iya ɗaga buta cike da ruwa, ka matse tsumma, ka murɗa makulli ba tare da zafi ya soke ka ba?

Dalili kuwa, jijiyar da ke manne a ƙashin gefen waje na gwiwar takan ci gaba da nuna kumburi da ƙananan hanyoyin jini a hoto ko bayan zafin ya tafi. Ni ma haka ta faru da ni, hoton ya tayar mini da hankali alhali na koma aikina lafiya lau. Yawanci ciwon kan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda, har fiye. Amma in ka wuce wata 6 babu sauƙi ko kaɗan, ko zafin ya ƙaru farat ɗaya, to ka koma a duba ko jijiyar ta yage. Allah ya ƙara sauƙi.