Amsa ga Hajiya kan ajiyar masara: yaushe take hawa, yaushe take sauka

Assalamu alaikum jama'ar guruf, barkanmu da war haka. Hajiya, na saurari muryarki, ki yi haƙuri sai yanzu. Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ta yi ta kwashi adashi, naira dubu 600, tana so ta sayi masara yanzu da kaka ta ajiye, in ta yi tsada ta fitar. Tana tambaya ko akwai riba, kuma yaushe ake saye, yaushe ake sayarwa. Muryar za ta ɗan yi tsawo, a yi mini uzuri.

To, da farko dai hawa da saukar nan gaskiya ce, kuma tana da dalili. A nan ƙasar Zazzau ana shuka masara daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, a fara cire ta daga Satumba, a yi ta sussuka har Nuwamba. Daga Oktoba zuwa Disamba kowa ya fito da ita lokaci guda. Manomi yana da bashin taki, ga kuɗin 'yan ƙwadago, ga kuɗin makaranta, ga bikin da aka ɗage sai kaka. Ba shi da zaɓi, dole ya kai kasuwa. Shi ya sa in kin shiga Giwa ko Soba ko Anchau ko Saminaka a wannan lokacin za ki ga buhuna har kan titi, mai saye ne yake yanga. Nan ne ƙasan farashi. Daga wajen Fabrairu ko Maris kayan hannun ƙananan manoma ya ragu, sai ta fara ɗagawa a hankali. Akwai wata 'yar sauka da takan zo a Mayu, lokacin da manoma ke buɗe rumbu don su sayi taki da iri, kada wannan ta tsorata ki. Tsananin tsadar yawanci tsakanin Yuni da Agusta ne, rumbu ya ƙare, ta gona ba ta nuna ba. Amma ki lura, Kudu suna riga mu samun ruwa, masararsu ta fari tana fitowa tun wajen Yuli zuwa Agusta, kuma kamfanonin abincin kaji, waɗanda su ne manyan masu saye, sukan juya can. Da zarar sun rage aiko motoci Arewa, farashi kan iya faɗuwa cikin sati biyu, tun sabuwarmu ba ta shigo ba.

Wannan shi ne tsarin shekarar da ba abin da ya gifta. To amma abubuwa suna giftawa. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, tsabar kuɗi ta yi wuya, kasuwannin ƙauye suka tsaya cak, masu kiwon kaji da yawa suka rufe. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya ninka, naira ta karye, hatsi ya yi ta hawa har cikin 2024, ya kai inda ba a taɓa gani ba. Wanda ya ajiye a lokacin ya ci riba ko bai iya komai ba. Ganin haka ne ma'aikaci da ɗan fansho da mai shago kowa ya zama ɗan ajiya. Sai a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, ga kuma an yi noma sosai saboda kowa ya ga kuɗi. A 2025 farashi ya yi ta gangarowa, har a watannin da aka saba yana hawa. Mutane da dama sun sayar ƙasa da yadda suka saya, bayan wata bakwai suna biyan hayar sito. Don haka duk wanda ya ce miki ajiyar hatsi ba a faɗuwa, shekara ɗaya kawai ya gani.

Yanzu bari mu yi lissafi, don a nan ake yawan ruɗewa. Lambobin nan misali ne, ki sa na ranar da za ki saya. A ce buhu mai kilo 100, wajen tiya 40 ke nan, naira dubu 30. Dubu 600 ba buhu 20 za ta ba ki ba. Akwai la'adar dillali, da 'yan dako, da kuɗin mota zuwa Zariya, a ce 1,500 kan kowane buhu. Buhun ajiya mai leda, a ce 2,500. Hayar sito, 500. Kin ga ya koma 34,500, wato buhu 17 za ki iya. Ranar fitarwa ma akwai dako da la'ada, ƙara 1,000. Ainihin kuɗin buhunki 35,500 ne. In kasuwa ta kai dubu 36, za ki ji ana cewa masara ta tashi da dubu 6, alhali ke naira 500 kika samu a buhu. In ta kai dubu 45, kin samu 161,500 a duka. In ta sauka dubu 25, kin yi asarar 178,500. Wannan adadin na 35,500 shi za ki rubuta a takarda, shi za ki riƙa kallo, ba kuɗin da kika miƙa wa mai masara ba.

Sai maganar bushewa, wadda ita ce ta fi komai cin mutane. Masarar Oktoba araharta har da ruwa a ciki. In kin sayi mai danshi kashi 18 cikin ɗari, kafin ta bushe ta dawo 13, wanda shi ne ma'aunin ajiya, buhun kilo 100 ya koma wajen 94. Kilo 6 na ruwa kika biya kuɗinsa. Wannan ma in kin shanya ke nan. In kin ɗaure ta haka nan, za ta ɗau zafi daga tsakiya, ta yi fumfuna, ta canza launi, ta yi warin rima. Irin wannan fumfunar tana haifar da guba mai taɓa hanta, kuma manyan kamfanoni suna gwadawa a bakin ƙofa, su mayar da mota guda. Shi ya sa ni a ganina gara ki ƙara dubu biyu ki saya a ƙarshen Nuwamba ko Disamba, iskar hunturu ta gama busar da ita, da ki yi rububin ta farko.

Yadda za ki gane ta bushe: ki ciji ƙwaya, in ta fashe da ƙara kas, alama ce mai kyau, in haƙori ya nutse, da saura. Wanda ya fi wannan tabbas shi ne gwajin gishiri. Ki samu busasshiyar kwalba, ki zuba masara kashi ɗaya cikin uku, ki sa busasshen gishiri cokali biyu zuwa uku, ki rufe ki girgiza minti ɗaya, ki bar ta minti 15, ki sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, danshi ya yi yawa, a koma shanya. Shanyar kuma a kan tamfol ko siminti, ba ƙasa ba. Kuma kada ki yarda da saman buhu. A soka ƙarfen gwaji a tsakiya da gindi, ko a zazzage buhu biyu-uku a gabanki, don ana cusa tsohuwa mai ƙwaro da tsakuwa da ɓarzajjen totuwa a ciki. In da hali a ɗora kowanne a sikeli, buhu suna ɗaya amma ciki ba ɗaya ba.

Ƙwaron masara tun daga gona yake shigowa, ƙwansa na cikin ƙwayar ba ki ganinsa. Wata uku in ba a yi komai ba sai ki tarar da gari a gindin buhu. Hanyar da ta fi lafiya ita ce buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, asali don wake. Leda biyu ce mai kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Ba magani a cikinsa, iska kawai yake tarewa, ƙwaron ya shaƙe wadda ta rage ya mutu. Amma sai an yi daidai. A duba kowace leda tukuna, a hura ta a ga ba huda. A bakace masarar, a cire totuwa da tsinke don kada su tsaga ledar. Kada a cika ta har baki, a bar wurin ɗauri. A matse iska, a murɗe bakin leda ta farko, a lanƙwasa, a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun daban. Waɗanda ke haɗa ukun su ɗaure wuri ɗaya, su ne ke dawowa suna cewa buhun ba ya aiki. Kuma in an ɗaure, an ɗaure ke nan, ba a buɗewa leƙe duk sati. In an kula da shi yakan yi kaka uku. Akwai jabu a kasuwa mai siririyar leda, ki sa wanda ya sani ya saya miki, ko a tambayi malaman gona na Samaru.

Ƙwayar nan da ake jefawa a buhu, Phostoxin, hayaƙi mai guba take fitarwa, yana kashe mutum. Ba a sa ta a gidan da ake kwana, ko a ɗakin da ya haɗa bango da na kwana. Aikin sito ne da za a toshe ruf wajen mako guda, kuma wanda ya iya ne zai yi. Sniper kuwa kada ya kusanci abinci sam. Irin wannan sinadarin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015.

Wurin ajiya: a shimfiɗa katako, buhu kada ya taɓa siminti, don ƙasa tana tsatsafo da damina. A bar kamar taku ɗaya tsakanin buhu da bango yadda mutum zai zagaya, kada a jera har rufi, a duba kwano ko yana yoyo tun kafin Afrilu. Ɓera shi ne abokin gabar leda, huda ɗaya ta ɓata buhu, a share kewaye a toshe ramuka. In a siton wani za ki ajiye, a rubuta yawan buhu, a sa alamarki a jiki, a yi shaidu biyu. Ba zargi ba ne, Alƙur'ani ma ya ce a rubuta bashi. Sau da yawa mai sito kan juya kayan mutane da niyyar mayarwa, farashi ya tashi ya kasa.

To sai fitarwa. Ba wanda ya san ranar da farashi zai kai ƙololuwa, har dillalan Dawanau. Sai ta wuce ake cewa ai ran nan ne. Abin da masu daɗewa a harkar ke yi shi ne rabawa uku. Buhu 17 ɗin nan, ki fitar da 6 da zarar ta haura kuɗinki da ribar da kika ƙayyade tun farko, ko a Maris ne. Ki fitar da 6 a wajen Yuni. Sauran 5 kada su wuce tsakiyar Agusta a hannunki, ko nawa ake saye. Da sabuwa ta shigo, tsohuwa ta zama abin rangwame. Alamun da za ki riƙa bi: yadda damina ta kama, kuɗin taki, ko tireloli na lodi a Giwa da Saminaka ko sun ɗauke ƙafa, kuɗin ƙwai da kaji, da duk sanarwar gwamnati kan shigo da abinci ko buɗe rumbunanta. In kin ga farashi ya tsaya wuri ɗaya kasuwa uku a jere cikin damina, ga ruwa na sauka lafiya, to kada ki jira.

Azumi ma yana motsa kasuwa, amma gero da shinkafa da wake ya fi taɓawa, masara kaɗan. Kuma yana matsowa da wajen kwana 11 duk shekara, don haka lissafin bara ba ya zama na bana.

Wani ya rubuto a ƙasan muryarki cewa wannan ai ɓoye abinci ne. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi hani ga ɓoye kaya, kuma malamai sun yi bayanin cewa abin da ake nufi shi ne a riƙe abinci lokacin da jama'a ke cikin tsananin buƙata don a ƙuntata musu. Saye lokacin yalwa a fitar lokacin da ake nema, sun bambanta shi da wancan. Ki zauna da malamin unguwarku kan wannan, ki haɗa da tambayar zakka.

Abu biyu da ba zan ba ki shawara ba. Kada ki ƙara da kuɗin bashi, don mai bashi zai zo a watan da kasuwa ke ƙasa, ya tilasta miki sayarwa. Kuma adashin nan da kika kwasa, kina da sauran zubi a gabanki, ki tabbata daga wani wuri zai fito, ba daga buhunan ba. In ba haka ba, ki sayi 12, ki riƙe sauran kuɗin a hannu. Wanda ya tambayi waken suya da barkono, nasu lissafin daban ne, barkono launi yake zubarwa in ya daɗe, zan yi murya a kansu bayan la'asar in Allah ya yarda. Wassalamu alaikum.