An ce ina da HIV amma lafiyata ƙalau, yaushe zan fara shan magani?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12 ta Legas, iyalina suna gida Arewa. Kwanan nan aka yi min gwaji aka ce ina ɗauke da ƙwayar cutar HIV. An auna CD4 ɗina, wato ƙarfin garkuwar jikina, ya haura 600, kuma ko ciwon kai ba na ji. Wani abokina ya ce kada in yi garaje, wai maganin nan in an fara ba a dainawa, gara in bari sai jiki ya nuna. Ga shi da damina nakan koma gida noma. In jira ne ko in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ka fara yanzu, a cikin makon nan in da hali.

Shawarar abokinka tana da tushe, sai dai ta tsufa. A da mu likitoci ma jira muke yi. Ba a ba mutum magani sai sojojin jikinsa, waɗanda ake aunawa da CD4, sun sauka ƙasa da 200. A 2010 aka ɗaga ma'aunin zuwa 350, a 2013 zuwa 500. Magungunan wancan lokaci suna wahalar da jiki, kuma ba su wadata ba. Abin da ya rufe wannan babi shi ne binciken START, wanda sakamakonsa ya fito a 2015. An ɗauki mutum fiye da 4,600 a ƙasashe 35, duka masu CD4 sama da 500, irinka ke nan. Rabi suka fara magani nan take, rabi aka jinkirta musu. Haɗarin mummunar rashin lafiya ko mutuwa ya ragu da fiye da rabi a wajen waɗanda suka fara da wuri. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba duk mai ɗauke da cutar magani, Najeriya ta bi sahu a 2016, sannan a 2017 hukumar ta ƙara da cewa a fara cikin kwana 7, ko ma a ranar gwajin in mutum ya shirya.

Jin ƙarfin da kake yi kada ya ruɗe ka. Cutar nan aikin gara take yi, azara na tsaye amma ana cin ta ta ciki. Kuma a ƙasarmu tarin fuka ba ya jiran garkuwar jiki ta ƙare kafin ya kama mai HIV. Abin da ya fi tayar min da hankali a asibiti shi ne ganin wanda ya san matsayinsa tun shekarun baya, ya dawo an riƙo shi, alhali da ƙwaya ɗaya a rana da yanzu yana bakin sana'arsa.

Gaskiya ne in an fara ba a dainawa. Maganin yana danne cutar ne, ba ya kawar da ita, kuma duk mai ce maka yana da sassaƙe ko jiƙon da zai wanke jininka, kuɗinka yake so. Amma na yanzu ba irin na da ba ne. Wanda aka fi bayarwa shi ne TLD, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir a ƙwaya guda, kyauta a cibiyoyin gwamnati. Wasu kan yi fama da ciwon kai, tashin zuciya ko rashin barci a makonnin farko, galibi ya wuce. Ka zaɓi lokaci guda da ba za ka manta ba, misali bayan sallar Isha'i, wanda ko azumi ya zo bai taɓa shi ba. Ka gaya wa likita in kana shan maganin gyambon ciki, na ƙarin jini, ko na ciwon suga, domin wasunsu ba sa jituwa da dolutegravir sai an tsara yadda za a sha.

Akwai inda ake ɗan jinkirtawa, kuma likita ne ke yanke wannan. In an samu tarin fuka, maganinsa ake fara ba ka, na HIV ya biyo baya cikin mako 2. In akwai sanƙarau irin na masu raunin garkuwa, akan jira mako 4 zuwa 6. Shi ya sa za a tambaye ka tari, zazzaɓi, zufar dare, rama da ciwon kai mai tsanani. Ka faɗi gaskiya. Za a kuma duba ƙodarka da ciwon hanta nau'in B.

Batun damina ba hujjar jira ba ne, tsari kawai yake so. Asibitocin koyarwa na LUTH a Idi Araba da LASUTH a Ikeja, cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Yaba, da manyan asibitocin jihar Legas duk suna ba da maganin. Tun ranar farko ka ce musu kai mai zuwa da komowa ne. In sun ga kana sha yadda ya kamata sukan ba da na wata 3 har zuwa 6 a haɗe, kuma suna rubuta takardar da za ka ci gaba da karɓa a asibitin garinku. Kada dai ka bar Legas da ragowar kwalbar da ba za ta kai ka girbi ba.

Sai maganar uwargida, wadda na san ita ce ta fi yi maka nauyi. Tana da haƙƙin a yi mata gwaji, haka ma yara ƙanana, musamman in tana da ciki ko tana shayarwa. In ka kasa faɗa mata da bakinka, ma'aikatan ba da shawara na asibiti sun saba zama da ma'aurata a kan wannan. Bayan kamar wata 6 da fara magani za a auna yawan ƙwayar cutar a jininka. Idan ta sauka har na'ura ba ta ganinta, kuma ka ci gaba da sha, ba za ka sa wa matarka ita ta hanyar kwanciyar aure ba. Kafin wannan sakamako ya fito, ku yi amfani da kwaroron roba, in kuma gwaji ya nuna ba ta da ita, ku tambayi maganin rigakafi da ake kira PrEP.