Amsar murya: yadda za ka gane bayanin kayan aikin AI ɗinka ya yi

Assalamu alaikum jama'ar guruf, barkanmu da dare. Na ji saƙon da ƙaninmu na Samaru ya ajiye tun azahar, sai yanzu na samu zama. Ya ce ya haɗa wa wakilin AI, wato AI ɗin da ke aiwatar da aiki da kansa, kayan aiki guda shida, wato ƙananan manhajojin da AI ɗin ke kira su yi masa aiki, ya rubuta wa kowanne bayani, yana son sanin yadda zai gane bayanin ya yi ko bai yi ba. Maganar tana da tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya.

To ƙanina, kai dai ba za ka iya auna bayanin nan da idonka ba. Kai ka rubuta kod ɗin, komai yana kanka, duk inda ka bar giɓi zuciyarka za ta cike maka ba tare da ka lura ba. Shi kuwa AI ɗin ba ya ganin kod ɗinka sam. Tun da OpenAI suka fito da tsarin kiran kayan aiki a watan Yunin 2023, har zuwa MCP, ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki, da Anthropic suka saki a Nuwamban 2024, abu uku ake miƙa masa: sunan kayan aikin, bayaninsa, sai tsarin abin da zai cike, wanda ake rubutawa da JSON Schema, wato salon fayyace guraben da za a cike da irin abin da kowanne ke karɓa. Shi ke nan fa. Kamar ka ɗauki sabon yaron shago yau da safe, ka ba shi takarda ɗaya, ka kama hanyar Kaduna ka kashe waya.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni. Bara na yi wa wani mai sayar da hatsi da taki a Sabon Gari aiki. Akwai kayan aikin da ke fitar da takardar biyan kuɗi, a ciki na sa gurbi, na rubuta masa “adadi” kawai. Ka san kamfanonin biyan kuɗi na intanet a nan da yawa da kobo suke lissafi, ba da naira ba. Muna gwaji, aka ce a fitar da takardar naira 45,000, AI ya tura 45000, takarda ta fito naira 450. Allah ya taimaka a gwaji ne. Kuma wallahi ba laifinsa ba ne, ban gaya masa ba. Layi ɗaya na ƙara: “Adadi a kobo; naira 1 kobo 100 ce; naira 45,000 a rubuta 4500000.” Matsalar ba ta sake dawowa ba. Haka na koma kan gurbin “yawa”: buhu ne ko tiya? Lambar waya, da 080 za a fara ko da +234? Kwanan wata 03/04, mu 3 ga Afrilu muke nufi, Ba'amurke kuma 4 ga Maris zai karanta. Sai na ce shekara, wata, rana, na sa misali a gefe.

Yauwa, sai awon kansa. Gani ya kori ji. Ka tara ayyuka na gaske kamar 20 ko 30, irin yadda kwastoma ke magana, da Hausarsa da gajarcewarsa, ba irin tambayar da kai ka tsara mai tsabta ba. Ka ba wakilin, kowane aiki ka maimaita sau uku ko biyar, don ba kullum yake ba da amsa iri ɗaya ba. Sannan, kuma nan ne mutane suke ƙyuya, ka zauna ka karanta abin da ya yi mataki-mataki. Kar ka tsaya a “ya ci” ko “ya faɗi”. Duba ko ya ɗauki kayan aikin da bai dace ba. In ya yi haka, galibi biyu ne suka yi kama da juna, kamar “nemo kaya” da “duba kaya”, kuma ba ka faɗi yaushe ake amfani da wanne ba. Ka rubuta ƙarara: wannan na kaza ne, kar a yi amfani da shi wajen kaza. Duba kuma ko yana kiran abu ɗaya sau huɗu yana ta lalube.

Akwai abin da nake so ka riƙe sosai: saƙon kuskure ma bayani ne. In kayan aikinka ya dawo da lamba 400 kawai, wato lambar da ke nufin buƙatar da aka turo ba ta yi daidai ba, ka bar wakilin cikin duhu. In ya ce “kwanan watan bai yi daidai ba, a rubuta kamar 2025-04-03”, nan take zai gyara da kansa.

In za ka yi gyara, abu ɗaya za ka canza, ka sake gwajin duka, don ka san abin da ya yi magani. Ka kuma ɓoye ayyuka biyar zuwa goma da ba za ka taɓa dubawa ba sai ƙarshe, kar ka wayi gari ka ɗinka bayanin daidai jikin tambayoyin gwajinka kaɗai.

Batun da wani ya tayar ɗazu, cewa dogon bayani yana da tsada, eh, duk bayanin nan ana tura shi tare da kowace hira, yana cin tokin, wato gutsattsarin rubutu da ake lissafin kuɗi da su, yana cin kuɗi. Amma ni ban taɓa ganin an yi asara don an ƙara jimla uku masu amfani ba. Abin da za ka cire shi ne yabon manhajarka da tarihin yadda ka gina ta.

Kayan aikin da kuma ke taɓa kuɗi ko yake share abu, ka faɗa a jimlar farko cewa ba ya komawa baya, a tambayi mutum tukuna.

Ka turo min bayanan shidan nan yadda suke, da rikodin gwaji ko guda biyar ne. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo Samaru bayan la'asar, sai mu zauna mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai da safe.